Babban Yatsan Maɗugu

Ranar da Mahmudu ya dawo daga kwas a Ikko, babban yatsansa ya ɗaga wa 'yan dako a gindin darbejiyar bakin iyaka. Ma'aikacin shige da fice ne, kuma Allah ya yi shi da son a saurare shi.

"Shekara goma ta yi yawa, za ku gani da idonku," in ji shi. "Kuɗin mai sun zo. Za a kawo wata na'ura, kwamfuta. Ka dangwala yatsa nan Jibiya, ta tambayi 'yar'uwarta a Maraɗi ta waya, kafin ka goge tawada ta faɗi sunanka na yanka."

Aka kwashe da dariya. Ofishin da ko lantarki babu, wayarsa kuwa tun damina ta mutu! Cikin 'yan dakon, Maɗugu ne kaɗai bai dara ba.

Sunansa na yanka Sule. Shekarar fari ya saci buhun dawar agaji a Maraɗi, jandarmomi suka kama shi, suka dangwala yatsansa a takarda. A hanyar kurkuku ya fasa wa mai tsaronsa kai ya tsere, bai tsaya ganin ko mutumin ya tashi ba. A Jibiya ya zama Maɗugu ɗan dako, ya auri Luba mai ƙosai, suka haifi Fatsuma. Luba ba ta san komai ba.

"Ranka ya daɗe, in mutum ya sake suna hwa?" Maɗugu ya tambayi Mahmudu.

"Suna naka ne, zanen yatsa na Allah ne. Ba biyu iri ɗaya."

Tun daga ranar, duk motar Katsina da ta tsaya da babban akwati sai ya bar abin da yake yi ya zuba wa akwatin ido. Abin takaicin ma, ya san in na'urar ta zo, shi za a ɗora wa a ka ya kai ta ofis.

Wata safiya Luba ta shiga ɗaki ɗauko gishiri. Ya dubi Fatsuma tana rarrafe, ya cije haɓar rigarsa, ya tsoma yatsan cikin man da ke tafasa a kasko.

"Subhanallahi! Malam, mi ya kai ka?"

"Tuntuɓe na yi."

Wata biyu bai ɗauki kaya ba, amma hankalinsa ya kwanta, har ƙiba ya yi.

Da ciwon ya warke ya fito tsakar gida, ya kwance tsumman, ya kai yatsan kusa da idonsa. Sabuwar fata ce, ja, mai laushi kamar ta jariri. A jikinta kuwa ga zanen nan yana dawowa, layi bayan layi, kowanne a inda yake da.

Ya daɗe yana kallo.

"Luba," ya ce a hankali, "ina kika aje gatari?"