Rezar Iya Marka

Naƙuda ta sake murɗo Naja'atu, ta cije gefen zani. Tun hantsi take durƙushe a ɗakin Innarta Badi'a a Garo, inda ta zo haihuwar fari, ba ta ce uffan ba. Inna har yabon kunyarta take yi.

Ba kunya ba ce, tsoro ne.

A dangi, ita da mijinta Mudassir kaɗai suka san tana ɗauke da cutar ƙanjamau. Tun da ta zo gida ta daina shan maganin, gudun idon Inna. Sai ƙurajen da kan fito mata a gaba suka dawo, suka fashe, suka zama gyambo mai ruwa. Sista Joan ta asibitin Gwarzo kuwa ta ja mata kunne: in naƙuda ta same ta da ƙurajen nan, aiki za a yi mata, don in jariri ya bi ta kansu zai iya makancewa, ko a rasa shi.

Iya Marka ungozoma ta ɗaga zanin, ta tafa hannu.

"Yo ai gishiri ne ya tare hanya! Badi'a, miƙo min reza. Ɗan tsagawa kaɗan, yanzu kin ji kukan mijin naki."

Inna ta miƙa. Naja'atu ta dubi rezar, ta dubi yatsun tsohuwar, duk faso, ba safa. Hannun da ya yanke mata cibi ke nan.

"Iya, kar ki taɓa jinina."

"Ji 'yar nema! Ni da na wanke ki kina tsumma?"

"Ƙanjamau gare ni." Ta ja zanin ta rufe jikinta. "Ƙurajen nan kuma in ɗan ya bi ta kansu... Inna, ku kai ni Gwarzo, don Allah."

A tsakar gida matan maƙwabta na ta hira gefen tukunyar ruwan zafi.

Inna ta zame ta zauna daɓas. Iya Marka ta daɗe tana kallon rezar, sannan ta naɗe ta a takardarta, ta cusa a lalita.

"Badi'a, tashi ki sa mata hijabi. Kuka sai an dawo."

Ta ɗaga labule ta leƙa waje.

"Ku nemo mota, maza! Ɗan nan a gicciye ya zo, ya fi ƙarfina."