Gurbin Kuka a Shafin Farko

Shafin farko na jaridarmu gurbi uku gare shi: na dariya, na fushi, da na kuka. Ba a rubuce dokar take ba, amma Torkild, editanmu, ya riƙe ta kamar addini. A cewarsa, mutumin garin nan ba ya iya haɗiye baƙin ciki biyu da kofi ɗaya. Kowace safiya mukan kewaye tebur a tsaye, don ya hana zama wai kada taro ya yi tsawo, kowa ya tallata hajarsa, shi kuma ya raba gurabe.

Hajata a wannan makon ita ce labarin Ejnar Thygesen, tsohon masunci a ƙaramin tsibirin da ke tsallaken garinmu. Ƙodarsa ta daina aiki, don haka yakan hau jirgin fito na safe ya zo asibiti a yi masa wankin ƙoda, ya koma da yamma. Ranar Alhamis majalisar gunduma za ta kaɗa ƙuri'a kan soke jirgin safen. In aka soke, zaman Ejnar a tsibirin da aka haife shi ya ƙare. Kansilolinmu kuwa babu abin da suke tsoro kamar shafin farkonmu.

Torkild ba ya buga labari babu fuska, shi ya sa na sha wuya. Ejnar mutum ne da ko matarsa ba ya bari ta raka shi ɗakin wankin. Na yi ta zarya, na sha kofinsa mai ɗaci har na gaji, kafin ya yarda a ɗauke shi hoto a kan gadon asibiti, hannunsa duk robobi.

"Zai fito kafin Alhamis, yarinya?" ya tambaye ni.

"Zai fito, Ejnar."

Ranar Litinin Torkild ya ce ai Asabar muka buga wata tsohuwa marar lafiya, mu bar masu karatu su huta. Na haƙura. Washegari na roƙi gurbin fushi, ya ɗaga hoton ya ce Ejnar ba fushi yake ba, kallon rufi kawai yake, kuma ga ƙarin kuɗin ajiye mota da ya tunzura rabin gari. Na ce to a sa shi a shafin ciki. Nan ya ba ni amsar da har yau in na tuna raina yakan ɓaci: wai labarin ya yi kyau da yawa, bai kamata a ɓata shi a ciki ba.

Laraba ce damata ta ƙarshe, kuma da safen nan wani tsohon doki ya ga damar maƙalewa a taɓo a bayan gari. 'Yan kwana-kwana suka ciro shi, mai shi ta rungume wuyansa tana kuka, aka ɗauki hoto. Tun kafin a buɗe taro na san an gama da ni.

"Torkild, doki fa ya fita," na ce. "Yana can yana cin ciyawa."

"Solvej, ke kina son ki gyara duniya, ni ina son a sayi jarida gobe. Dubi idon dokin nan."

Na dubi idon dokin. Abin haushin shi ne hoton ya yi kyau, ni ma da a shago na gan shi sai na saya.

Na je zauren majalisa ranar Alhamis. Da ƙyar masu son sokewa suka yi rinjaye. Wata kansila da ta daɗe tana jinkiri kafin ta ɗaga hannu ta ce da ta ji wani ya koka da ta sake tunani, amma ba ta ga komai a jarida ba. Na fito na zauna a mota na daɗe ban tayar ba, don kunya da takaici.

Washegari muna tsaye a taro sai ga Bodil, wadda ke kula da rarraba jarida, ta shigo babu ko gaisuwa. Ta tambaya ko akwai wanda ya tuna cewa a jirgin safen nan jaridarmu take tsallakawa tsibiri. Daga wata mai zuwa sai la'asar za ta riƙa isa, kuma mutane sun fara kira suna cewa a daina kai musu.

Fuskar Torkild ta yi ja. Nan take ya ce wannan abin kunya ne, an yanke tsibiri guda daga duniya, dole mu yi yaƙi. Ya share ci gaban labarin doki, ya share na kuɗin mota, ya ba Ejnar shafin farko gaba ɗaya, har yana yaba mini cewa gara da muka ajiye shi.

Sai da yamma na iya kiran Ejnar. Ya ce ya riga ya karɓi ɗaki a wani bene kusa da asibiti, tagar tana kallon wurin ajiye motoci. Na faɗa masa gobe zai fito, babban hoto.

"Ki cire shi, yarinya. Don jirgin na yarda maƙwabtana su gan ni a haka. Yanzu kuma don me?"

Na ce ya ba ni minti ɗaya. Na ruga wurin Torkild, na same shi yana sa rigar ruwansa zai tafi gida. Ya ce shafin ya tafi maɗaba'a tun ɗazu. Na dawo teburina, wayar tana nan a buɗe, Ejnar yana jira.