Benci Daidai Tsayin Guntuwa

Ni kafinta ne, kuma ba na son a tayar mini da zancen makarantar unguwarmu. Amma tunda kullum sai na bi ta gabanta, bari in faɗa in huta.

A nan na yi firamare, a nan 'ya'yana suka yi. Zuwa bara ta zama kango: iska ta yaye kwanon wasu ajujuwa, silin ya rufto, awaki na kwana a ofis. Duk mai ɗan hali ya kwashe yaransa ya kai makarantar kuɗi. Hedimastan kuwa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mutumin da ya tsufa da alli a hannu. Wata rana ya shigo shagona ya zauna a kan katako.

Ya ce, "Rufe ta za su yi. Jami'in ilimi ya ce idan aka dawo hutu bai ga yara a aji ba, shi ke nan. 'Yan yaran da suka rage a mai da su makarantar tsallaken babban titi."

"Titin da tireloli ke bi? Yara ƙanana?"

"Shi fa."

Na ce, "Yaya, wa zai kawo ɗansa inda ko wurin zama babu? Mu gyara ta mana."

Gaskiya mutanen unguwa sun fito, ba zan ci haƙƙinsu ba. Birkila ya toshe tsagar bango, ya yi sabon daɓe. Mai walda ya haɗa tagogi. Mai kantin kwana ya ba da fenti, kodayake launin da ya ƙi sayuwa ne, wani kore mai kashe ido. Ɗana na fari, direba ne, shi ya yi ta jigilar yashi. Ni na ɗauki rufi da ƙofofi da bencina.

Bencinan ne suka fi cin raina. Na da, ƙafar yaro ba ta taɓa ƙasa, sai lilo. Don haka na kira jikata, 'yar direban, wadda muke ce wa Guntuwa, bana za ta shiga aji ɗaya. Na ɗora ta a kan katako, na auna daga gwiwarta zuwa ƙasa.

Ta ce, "Tsoho, riga za ka ɗinka mini da zarto?"

"Zauna daidai, sarkin surutu. Duk yaran unguwar nan da tsayinki za su zauna."

Ta yi ta yawo tana faɗa wa ƙawayenta. Na goge kowane benci har tafin hannuna ya yi kanta, don kada sartse ya soki ɗan wani.

Ranar da aka koma, Yaya ya sa babbar rigarsa, ya buga tsohon wilin motar nan da ke zaman ƙararrawa. Na tsaya kusa da shi. Yaran birkila suka zo, da na mai wanki, da wasu 'yan tsiraru. Dukansu ba su cika aji ɗaya ba. Ya sake bugawa. Sai ga motar makarantar kuɗi ta wuce ta gabanmu, cike da yaran mutanen da suka yi aikin nan tare da mu. Guntuwa na jikin taga cikin sabon yunifom, tana ɗaga mini hannu.

Wallahi ban san lokacin da na isa gidan ɗana ba.

"Kai! Da bakinka ka ce za ka kawo ta!"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, na ba da ƙarfina, na ba da motata. Amma malamai biyu ne a can, kuma Baba Babba ya kusa ritaya. Fenti ba ya koyar da karatu."

"To da kowa ya kawo nasa, ai da an turo malamai!"

"Na jira in ga wa zai fara, Baba. Ban ga kowa ba."

Na zage shi tas, na fito.

Jami'in ya zo da hantsi. Ya shafa bango, ya yaba rufi, har ya tambayi wanda ya yi bencinan. Sannan ya leƙa ajujuwa, ya shiga motarsa. Kafin ƙarshen zangon aka rufe makarantar. Yaya ya koma gida, ya daina fita ko ƙofa. Yaran birkila kuwa, uwarsu ce ke tsayawa da su a bakin titi kowace safiya, tana riƙe da hannayensu, tana jiran tireloli su ba da hanya. Ƙaramarsu ta daina zuwa ma.

Gini mai kyau ba ya zama a banza. Mai makarantar kuɗi ya karɓe shi haya, ya mai da ƙananan ajujuwansa can. Ko fentin bai sake ba.

Rannan uwar Guntuwa ba ta da lafiya, aka roƙe ni in ɗauko ta. Na nufi ƙofar da ni na kafa da hannuna, maigadi ya tare ni.

"Baba, iyaye a waje suke jira."

Na koma gefe na tsaya a rana. Da aka tashi ta fito da gudu ta kama hannuna.

"Tsoho, ka san wani abu? Bencin ajinmu daidai ni! Ƙafata har ƙasa. Na faɗa wa anti, malamarmu, kai ka yi, ta ce ƙarya nake."

Na ce, "Ƙyale ta. Kawo jakar in riƙe miki."