Saiwa a Gora

Tizhe ya ajiye kekensa na Napep a gindin darbejiyar ƙofar asibiti, ya yi ciki da sauri, sai da ya kai baranda ya tuna bai cire makulli ba. Bai koma ba. Wata gora tana ƙarƙashin rigarsa, yana jin ɗuminta a cikinsa.

Mahaifiyarsa, Mama Lidiya, ta kwana biyu a ɗakin mata da ciwon sukari. Tun da likita ya hana ta zaƙi ta rufe bakinta. Mace ce da ta tsufa da shayi mai sukari, wanda babu sukari kuwa ruwan wanke kwano take kiransa. Ta ƙi shayin, ta ƙi kunu, ko ruwa sai dai ta jiƙa leɓe. Da safe Nas Margret ta ja Tizhe gefe ta ce jijiyoyin hannun tsohuwar sun fara ɓuya, ƙarin ruwa yana wuya, magani kuma ba ya aiki a cikin da babu komai. Ga shi Mama ta sa an kira ƙanenta, Kawu Ezekiya, ya zo da mota ya mayar da ita Michika. Tizhe ya san abin da komawa gida yake nufi. Haka aka mayar da babansa.

Irin gorar a hannun wata ɗaliba ya fara ganinta, ranar da ya ɗauko ɗalibar a kekensa daga Yelwa. Ta roba ce mai kauri, a tsakiyarta akwai wata doguwar rariya da ake cikawa da yankakkun kayan marmari, ruwa ya ja ɗanɗanonsu. Yau ya bar fasinjoji a titi, ya bi shaguna har ya samo irinta. Mai shayin tasha ya dafa masa ganyen shayi zalla, ya bari ya ɗan huce, shi kuma ya cusa citta da lemun tsami da kokwamba da ɗan abarba a rariyar. Margret ta duba ta ce babu laifi, in dai za ta sha.

Ya durƙusa a bakin gado ya ɗaga gorar.

"Mama, ga shayi. Sabon iri ne, na 'yan jami'a."

Ta buɗe ido. Ta dubi gutsattsarin da ke jiƙe a cikin jan ruwa, sai fuskarta ta canza.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Ni na haɗa."

"Tizhe, saiwa a gora? Ni za ka kawo wa?"

Sai a lokacin ya ga abin da ta gani. Irin gorunan nan ne suka cika ƙarƙashin gadon babansa, saiwoyi da ɓawon itace cikin jan ruwa, daga masu magani na kowace kasuwa. Su ya yi ta sha har ƙafafunsa suka kumbura. Ranar jana'iza Mama ta kwashe su ta zubar a masai, ta yi alkawari a gaban matan zumunta na cocinsu cewa irinsu ba za su sake shiga bakinta ba.

Ya rantse mata citta ce kawai. Ya buɗe ya kurɓa a gabanta. Ta juya fuska bango, ta ce babansa ma haka yake cewa.

Gabdo, tsohuwar Bafulatanar da ke gadon kusa, ta miƙo hannu. Ta ce in uwar ba ta so ya ba ta, ita ta san maganin kirki in ta gani, wannan daga ganin kalarsa na ciwon gwiwa ne.

"Inna, ba magani ba ne."

"Haka masu na gaskiya suke faɗa," in ji Gabdo.

Mama ta ƙara jan zane ta rufe kai.

Ana haka Kawu Ezekiya ya shigo, hularsa a hannu. Ya gaida kowa gado-gado, sannan ya ce direba yana jira, a haɗa kaya. Tizhe ya roƙe shi ya bari ko zuwa gobe. Kawu ya ce shi bai zo gardama ba. Yayarsa ta ce gida, kuma babba ba ya ƙarewa a hannun baƙi alhali yana da ɗaki. Ya fara naɗe tabarma.

Tizhe ya fita. A baranda ya tsaya yana kallon gorar, kamar ya maka ta da ƙasa. Makaranta ya bari, gareji ya bari, babu abin da ya taɓa riƙewa har ƙarshe, yau ga wannan ma. Ya isa kekensa, makullin yana nan. A ƙarƙashin kujera ya ga ledar ragowar kayan da ya yanka. Ya ɗauko ta ya koma, shi kansa bai san me zai yi ba.

Ya zare rariyar, ya juye abin da ke ciki a faranti, ya zazzage ledar a kan zanen Mama: citta mai ƙasa-ƙasa, rabin lemun tsami, guntun kokwamba.

"Duba da hannunki, Mama. In kin ga abin da ba ki sani ba, ni da kaina zan kai ki mota."

 Can sai hannunta ya fito daga zane, ya lalubi farantin, ya ɗauki yanki ɗaya ya kai hanci. Shekara da shekaru ta yi tana sayar da kunun zaƙi a bakin kasuwa.

"Wa ya koya maka yanka citta da ɓawonta?"

"Sauri nake yi."

"Kullum sauri kake yi. Ba ni wuƙa."

Gabdo ta zaro ƙaramar wuƙa daga ƙarƙashin matashinta. Kawu ya tsaya da tabarma a hammata. Aka jingina Mama da bango. Ta kankare cittar tas, ta yanka ta siri-siri, ta cire 'ya'yan lemun, ta ture kokwambar gefe ta ce ita ba akuya ba ce. Da kanta ta cika rariyar. Margret ta kawo ruwan zafi a fulas da ganyen shayi, aka haɗa sabon shayi a gorar. Tizhe zai zuba a kofi, Mama ta buge masa hannu ta ce ya bari ya jiƙu.

Suka zauna suna kallon gora. Direba ya yi hon a waje.

Da ya jiƙu aka zuba wa Mama a kofi, ta kurɓa, ta yamutsa fuska. Ta sake kurɓa, mai yawa, maƙogwaronta yana motsi. Tizhe ya sunkuyar da kai don kada Kawu ya ga idonsa.

"Babu daɗi," in ji Mama. Ta miƙa wa Gabdo ragowar kofin, ta riƙe gorar a cinyarta. "Gobe in za ka zo, ka taho da kanumfari."

Kawu Ezekiya ya dubi yayarsa, ya dubi ƙofa. Sannan ya warware tabarmar ya shimfiɗa ta inda take.