Birkin Baba Sannu

Bakaniken ya dafe sitiyari da hannu biyu, ya danna birkin a-kori-kurar har jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya saki, ya sake dannawa, sannan ya leƙo ta taga.

"Baba, wannan dutsen kake takawa kullum?"

Baba Sannu yana zaune a kan wata tsohuwar taya a bakin garejin yana murza gwiwarsa ta dama. Shekara talatin da biyu yana yi wa kafintoci jigilar gadaje da ƙofofi a motar nan, ko madubi ɗaya bai taɓa fasawa ba. Tafiyar hawainiyar da yake yi ce ta jawo masa laƙabin.

"Ba laifinta ba ne," ya ce a hankali. "Ƙafar ce ta gaji."

Shekaranjiya abin ya faru. Yana saukowa gangaren layin 'yan katako da lodin ƙofofi, sai wata mata ta shigo titi riƙe da hannun tsohuwarta. Ya taka birki, gwiwar ta ce ba ta san zancen ba. Ya haɗa ƙafa biyu, ya fizgi birkin hannu, motar ta tsaya saura taki ɗaya. Matar ko zaginsa ba ta yi ba, kallonsa kawai ta yi. Ya koma gida ya rataye makulli a ƙusa, ya ce kansa ke ciwo. Kowa ya yarda, ban da babbar 'yarsa, wadda aikin jinya take yi. Ita ta titsiye shi har ya faɗi gaskiya, ita ce kuma ta sa bakaniken ya zo da safen nan ya ɗauki motar. Shi a zatonsa mai saye za a nemo mata.

Bakaniken ya diro yana yarfe ƙafa. "Ni da na girmi 'yarka da kaɗan, ga shi cinyata na rawa. Motar nan ba ta da mataimakin birki ko kaɗan, Baba. Ƙarfinka zalla ke tsayar da ita. Kai ne birkin!"

'Yar, wadda ke tsaye da jakarta a kafaɗa, ta matso. "To akwai dabara?"

"Akwai." Ya ɗaga marfin injin ya nuna. "Kin ga famfon sitiyarin da na sa mata bara? Daga nan zan ja tiyo biyu zuwa wata na'ura da zan ɗaura a bayan tukunyar man birki. Matsin man ne zai riƙa yin turin. Shi dai ya taɓa."

"Tsohuwar zuma ce fa," in ji Baba Sannu. "Kada ka ɓata mini ita."

"Ai da ita ake magani. Zauna ka sha kallo."

Bai iya zaman ba. Duk kusoshin da aka kwance sai ya tattara a hularsa, kowace tiyo sai ya shafa ya ji ko tana yoyo. Rana ta take, ta karkata. Da aka zo fitar da iska daga birkin, 'yar ce ta shiga mazaunin direba, bakaniken yana kwance a ƙasan mota yana ƙwala mata umarni.

"Taka! Riƙe! Saki!"

"Yau na ga mai ba ki oda," in ji uban. Karo na farko ke nan da ya yi dariya cikin kwana uku.

Da aka gama, 'yar ta ce ba ta yarda da gwajin cikin gareji ba. Aka loda tsofaffin injuna biyu a baya don nauyi, uban ya kama tuƙi, ta zauna kusa da shi, suka nufi gangaren nan. Tun daga sama ya fara hango wurin da matar ta tsaya, ya taka birki da ƙarfin da ya saba. Motar ta ƙame nan take, injunan suka daki bayan kujera, jakar 'yar ta kife a ƙasa.

"Baba! Taɓawa aka ce, ba kisan kunama ba!"

Ya saki, motar ta gangara. Wannan karon ya ɗora ɗan yatsan ƙafa kawai. Ta lafa, ta tsaya cak, kamar mai jin magana. Ya sake, ta sake. Sau huɗu yana yi kafin su kai ƙasa, gwiwar ko motsi ba ta yi ba.

Ya faka a gefen titi ya kashe inji. Ya daɗe goshinsa na kan sitiyari, kafaɗunsa suna sauka a hankali. 'Yar ta ƙyale shi, ta sunkuya tana tsince biro da makullanta.

"Na ɗauka na gama," ya ce.

"Motar ta warke," ta ce. "Saura mai ita. Likitan ƙashi yana zama ranar Talata, kuma kada ka ce mini kana da lodi."

Ya ɗago ya goge fuska da hannun riga, ya murɗa makulli.

"Ƙarfe nawa zan zo in ɗauke ki?"