Faɗuwar da Yaya Bai Ɗauka Ba

Ni ne mai zana sulke da garkuwa a ofishinmu, wani ɗan ɗaki a saman shagon gyaran waya inda muke haɗa wasan kwamfuta na yaƙin duniyoyin sama. Yayana kuma, Allah ya jiƙansa, shi ne jikin jarumin wasan. Yakan sa wata matsattsiyar riga mai ɗige-ɗige, ya yi ta zirga-zirga gaban kyamarori, kwamfuta tana kwafe motsinsa. Kowa ya gan shi a rigar nan sai ya yi dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

Aikinsa ya ba ni wahala, wallahi. Kafaɗarsa ta hagu ta ɗan karkace, sulken da na zana sai ya riƙa nutsewa cikin wuyan jarumin. Na yi ta mita har na gaji, na sassaƙe ƙarfen ya bi karkacewar. Garkuwar kuwa ta haske ce, shuɗiya, tana buɗewa in ya ɗaga hannu. Dokar sana'armu ita ce kowace garkuwa dole ta fashe in an matsa mata, in ba haka ba wasan ba daɗi.

An ɗauki tafiyarsa, da gudunsa, da tsallensa, da yadda yake miƙewa daga ƙasa. Faɗuwa kaɗai ta rage. Kullum sai ya ce, "Auta, bari sai bayana ya saki." Ashe ba ciwon baya ba ne. Kafin mu farga, an kwantar da shi asibiti, kuma bai fito ba.

Da muka koma aiki bayan zaman makoki, mai gwajin wasa ya kira ni. Ya harbi jarumin har garkuwar ta tarwatse, ma'aunin rayuwarsa da ke allo ya ƙare ƙaf, amma yana nan tsaye ƙiƙam yana numfashi. Ba wanda ya yi dariya.

Oga ya ja ni gefe. "Ka yi haƙuri, ba za mu fitar da wasa da jarumin da ba ya mutuwa ba. Ko dai mu cire motsin marigayi gaba ɗaya mu sa na kasuwa, ko wani mai irin jikinsa ya ɗauki faɗuwar."

A cire Yaya? Haba! Tun rasuwar, matarsa, wadda nake kira Anti, takan biyo da rana in ta tashi daga aiki, ta zauna kusa da ni tana kallonsa yana tafiya a allo. Na ce a ba ni rigar.

Ta yi mini yawa a ƙafa, sai da aka naɗe. Ƙamshin turarensa na nan a wuyanta. Aka shimfiɗa katifa, na karkatar da kafaɗa, na ɗaga hannu, na zube. Oga ya ce na faɗi kamar mai tsoron ƙasa, in sake. Na sake, na sake, har gwiwoyina suka yi tsami. A ta ƙarshe ban ma san na faɗi ba, kuka ne ya kayar da ni, kuma ita aka ɗauka.

Washegari Anti ta zo. Na so in ɓoye mata cewa na ɗauki faɗuwar, amma bakina ya kasa ƙarya. Ta ce in nuna mata. Na harba, shuɗin hasken ya tsattsage, Yaya ya durƙusa, ya kife.

Ta damƙe hannun kujera. "Auta, tashe shi."

Na danna maɓalli. Ya dafa ƙasa, ya girgiza kai, ya miƙe. Wannan miƙewar tasa ce, ba tawa ba, kuma ta gane. Hawaye na zuba, amma bakinta na murmushi.

"Sake," ta ce.

"Anti, ba zai tashi ba sai ya faɗi. Sai na ƙara harbinsa."

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta juya kujerar, ta fuskanci bango.

"To, harbe shi," ta ce. "In ya zo tashi, ka gaya mini in juyo."