Ruwan da Yero Yake Ɗauka

Yero yana goye, wata bakwai da haihuwa, wani tsohon mai duba ya ce wa uwarsa Mairama, "Ki riƙe ɗan nan da kyau. Ruwa ne ajalinsa."

Ita kuwa 'yar masunta ce, a bakin Kwara ta tashi, kogin ma ya riga ya ci mijinta. Ba ta yi gardama ba. Ta sayar da kwalekwale da taru, ta koma tudu, ta kama ɗaki a Kaoje inda ba ta san kowa ba. Dangi suka yi ta aike har suka gaji. Yero ya girma bai iya iyo ba, ko guga ba ta barinsa ya jefa a rijiya.

Da ya zama saurayi ta sayar da awakinta ta saya masa babur. Ya shiga kai kaya ƙetaren iyaka, wajen Binin, hanya duk jan ƙasa da ƙura. A lokacin ne hankalinta ya kwanta.

Wata safiya ta ji shi yana waya: "Ruwa jarka takwas, yanzu nika tasowa."

Ta ce, "Wane ruwa, Yero?"

Ya yi dariya. "Inna, har na cikin jarka kike tsoro? To in na faɗa ciki ki jawo ni da ludayi."

"Ɗan banza," in ji ta, ta miƙa masa fura.

Da la'asar abokin tafiyarsa Albashir ya yi sallama, ya durƙusa a bakin ƙofa bai shigo ba. Babur ɗin Yero ya kife a gangare, ya ce, wuta ta tashi, ba a iya kusantarsa ba.

"Wuta? Ba ruwa ya ɗauka ba?"

Albashir ya sunkuyar da kai. "Inna, fetur ne. Mu a hanya ruwa muke ce mai, don kada a gane."



Bayan sadakar bakwai Mairama ta hau mota ita kaɗai zuwa bakin Kwara, karo na farko cikin shekara ashirin da biyu. Matan da ke wanki ba wadda ta gane ta. Ta tuɓe takalmi, ta zauna, ta tsoma ƙafafunta. Ruwan da sanyi, yana wucewa abinsa.